Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Rainon Furen Simbidiyam da Sauya Masa Tukunya

Simbidiyam na farko da ya shigo gidana, a wani shagon kayan lambu na saye shi a nan Ingila, tsakiyar watan Disamba. Zangarniya uku gare shi, kowacce jere da furanni masu launin ɗanyen lemun tsami, leɓensu da ɗigo-ɗigon ja. Ya yi mana kusan wata biyu a falo ko yaushi bai yi ba. Da furen ya zube sai na lura saiwoyi sun cika tukunya har suna leƙowa ta sama, tausayinsa ya kama ni. Na sayo ƙatuwar tukunya, na cika ta da baƙar ƙasar lambu, na dasa shi, na ajiye shi kusa da hita don kada sanyi ya taɓa shi, kuma ba na fashin ba shi ruwa kowace safiya.

Kafin watan Yuni ganyen ya fara komawa rawaya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na juye tukunyar a kan jarida, wari ne ya fara tarbata, irin warin kwata da ta kwana biyu ba a yashe ba. Na kama saiwa ɗaya na matsa, sai ɓawonta ya saluɓe, ya bar mini wani siririn zare a tsakanin yatsu. Haka kusan dukkansu suke. Wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda ta daɗe tana rainon waɗannan furanni, ta leƙo ta katanga ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, ba yunwa ce ta kashe shi ba, ba kuma ƙishirwa ba. Numfashi ka hana shi."

Kurakurai huɗu na yi a tashi ɗaya, kuma duk da kyakkyawar niyya na yi su. Tun daga lokacin, kusan duk wanda ya kawo mini simbidiyam maras lafiya, ɗaya daga cikinsu nake tararwa ko danginsu.

Sanin asalinsa

A takardar da ke maƙale da tukunya za ka ga an rubuta Cymbidium. Ɗan gidan furannin okid ne. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Olof Swartz, shi ya raɗa masa sunan a 1799, daga kalmar Girkanci mai nufin kwale-kwale, saboda siffar leɓen furen. Akwai jinsinsa fiye da 50 a daji, daga Indiya da Sin da Japan har zuwa Ostareliya. Amma manyan da ake sayarwa a shaguna haɗin aure ne da masu lambu suka yi ta yi tun 1889, lokacin da gidan rainon tsirrai na Veitch a Ingila ya fitar da haɗin farko. Kakanninsu 'yan kan tudu ne: gangaren duwatsun Himalaya, tsaunukan Bama da Tailan da Biyetnam. A can yawancinsu ba a cikin ƙasa suke binne ba. Wasu a cokalin reshen bishiya suke zaune, wasu a kan ruɓaɓɓen ganye da ya taru a tsagin dutse. Ruwan damina yana dukansu sosai, amma yana wucewa nan take, iska ta biyo baya. Rana da haske mai yawa, dare da sanyi.

Wanda ya riƙe wannan hoton a ransa, rabin kurakuran da za a faɗa a ƙasa ba zai yi su ba.

A gindin ganyen akwai wani dunƙule mai kama da albasa, ko da yake ba albasa ba ce, kara ne ya kumbura. Ni tulu nake ce masa, domin aikinsa ke nan, ajiyar ruwa da abinci. Kowane tulu yana fitar da sabon toho daga gindinsa, tohon ya girma ya zama tulu, shi ma ya haifi wani. Zangarniyar fure ita ma daga gindin tulu take fitowa.

Sauya tukunya ba a kan lokaci ba

Mutane kashi biyu ne a nan. Akwai masu gaggawa, waɗanda da zarar sun ga saiwa ta leƙo sai su ɗauka shukar tana kuka. Simbidiyam yana son matsi, kuma cikakkiyar tukunya ita ta fi yin fure. Sauya masa wuri kowace shekara mayar da shi baya ne, domin duk lokacin da aka taɓa saiwarsa sai ya ɗauki watanni yana jinya. Akwai kuma masu mantuwa, da za su bar shi shekara shida ko bakwai har ɓawon itacen da ake dasa shi a ciki maimakon ƙasa ya narke ya zama laka.

Shekara biyu zuwa uku ita ce ƙa'ida, amma tukunyar ce za ta gaya maka. Idan tuluna sun kai baki suna tura juna har sabon toho ya rasa inda zai sauka, ko robar ta kumbura ta fara tsagewa, lokaci ya yi. Haka idan ka zuba ruwa ya tsaya a sama yana jinkirin sauka, ko ka tura yatsa ka ji abin da ke ciki ya yi laushi kamar ƙasa yana tsami.

Lokacin da ya dace shi ne bayan fure ya zube, sa'ad da sabon toho ya fara motsi. A Turai da Amurka wannan yana faɗawa tsakanin Maris da Mayu. A Afirka ta Kudu da Ostareliya, inda yanayi yake a juye, wajajen Satumba zuwa Nuwamba. Kada a taɓa shi yana ɗauke da ƙullin furen da bai buɗe ba, domin zai zubar da su. Abu ɗaya ne kawai ke karya wannan doka: idan saiwa tana ruɓewa, ba a jiran kalanda, a fitar da shi yau.

Ƙatuwar tukunya

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe simbidiyam a hannun masu ƙaunarsa, kuma dalilin da ke sa a yi shi mai kyau ne a ido: a ba shi fili ya wala. Abin da ke faruwa a ciki daban ne. Saiwa tana shan ruwan da ke kusa da ita ne kawai. Duk wurin da saiwa ba ta kai ba, ruwan yana nan kwance kwana da kwanaki, iska ba ta shiga, ɓawon ya fara ruɓewa, ruɓar ta kama saiwar da ke maƙwabtaka da shi. Saiwar da ta mutu ba ta shan ruwa, don haka tulu ya fara yanƙwanewa, ganye ya langaɓe. Mai shuka ya duba ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Da haka ake ƙarasa shi.

Sabuwar tukunya ta fi tsohuwar kaɗan kawai. Tsakanin tulu na gaba da bakin tukunya a bar kamar faɗin yatsa biyu zuwa uku, kimanin santimita 5, wato wurin tohon shekara biyu. Zurfi ya fi faɗi amfani, domin saiwarsa ƙasa take nufa, kuma kauri gare ta kamar fensir. Ƙasan tukunyar ya kasance da huji da yawa. Idan kuwa ka yanke matattun saiwoyi har abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, mayar da shi tsohuwar tukunyarsa bayan ka wanke ta, ko ma wadda ba ta kai ta ba. Girman saiwa ake aunawa, ba girman ganye ba.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Shaguna kan saka tukunyar roba a cikin wata ta ado, ta tangaran, wadda ba ta da huji. Ruwan da ya tsiyaye sai ya taru a ƙasa, gindin shukar ya yi ta jiƙa ba wanda ya gani. Duk lokacin da za ka ba da ruwa, ciro ta robar, ka bari ta gama ɗiga, sannan ka mayar.

Ƙasar lambu

Ƙasar da tumatir da alayyafo suke jin daɗinta, ita ce ke shaƙe simbidiyam. Abin da yake so gutsattsarin abubuwa ne masu riƙe laima a jikinsu amma da ƙofofin iska a tsakaninsu. Mafi yawan masu rainonsa da ɓawon itacen fayin (pine) suke aiki, wanda aka farfasa girman ƙwayar gyaɗa zuwa gurjiya. Ni kashi uku na ɓawo nake sawa, kashi ɗaya na falait, wato waccan farar tsakuwa maras nauyi, da ɗan gawayi. Inda ɓawon fayin yake da wuyar samu, ɓawon kwakwa da aka yayyanka ƙanana yana aiki sosai, da sharaɗi ɗaya: a jiƙa shi a zubar da ruwan, a sake, aƙalla sau uku, saboda yakan zo da gishiri a jikinsa. Kuma ya fi fayin riƙe ruwa, don haka a rage yawan shayarwa. Gawayin murhu ma ya yi, amma a wanke tokar tas. Garin katako, yashi mai laushi da ɗanyen kashin kaji, duk a nisanta su da tukunyar.

Yadda aikin yake a hannu

Ka shayar da shi tun jiya, saiwa mai laima ta fi lanƙwasuwa. Kwantar da tukunyar ka bubbuga gefenta. In ta ƙi saki, yanka robar da almakashi, asarar tukunya ta fi asarar saiwa sauƙi. Abin da zai fito dunƙulallen curi ne mai siffar tukunyar, saiwoyi sun naɗe juna ƙam.

A nan mutane da yawa suke jin tsoro, su ɗauki curin yadda yake su jefa cikin sabuwar tukunya su zuba ɓawo a gefe. Kuskure ne, domin tsohon ɓawon da ya ruɓe a tsakiya yake, kuma daga can ciwon zai taso. Ɗauki wuƙa mai kaifi ka yanke ƙasan curin, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan ka cusa yatsu daga ƙasa ka warware, ka kakkaɓe tsohon ɓawon. Saiwa mai rai fara ce ko ruwan madara, da tauri in ka matsa. Matacciya ruwan ƙasa ce, fanko, tana lotsewa. Cire matattun duka. Busassun ɓawo da ke lulluɓe da tsofaffin tuluna, tsaga su biyu ka zare a hankali, domin a ƙarƙashinsu ƙwari suke ɓuya. Sai dai ka sa ido, a daidai nan ne idon sabon toho yake kwance, kada farce ya tafi da shi.

Wajen zaunar da shi, jingina tsohon ɓangaren da bangon tukunya, ka bar filin a gaban sabon toho. In toho yana fitowa ta ko'ina, sa shi a tsakiya. Zuba ɓawo kana bubbuga tukunyar a ƙasa don ya shiga tsakanin saiwoyi, ka danna da yatsu har shukar ta tsaya da ƙafarta. Zurfin dashe yana da muhimmanci. Inda saiwa ta haɗu da tulu ya nutse kamar santimita 1 zuwa 2, ba fiye ba. In ka binne tulun zai ruɓe, in ka bar shi a sama yana lilo sabuwar saiwa za ta bushe kafin ta kama.

Bayan dashe, hannu yakan yi ƙaiƙayin ba da ruwa da taki don ya farfaɗo. A daure. Saiwar da aka yanka rauni ne a buɗe. A ajiye shi a inuwa mai iska mako biyu zuwa uku, ruwa kaɗan-kaɗan, a riƙa fesa wa ganyen da safe. Taki kuwa sai an ga fararen kawunan sabbin saiwoyi.

Rabawa fiye da kima

Mai tukunya ɗaya yana son ya wayi gari da biyar, sai ya raba shukar tulu ɗai-ɗai. Za su rayu, amma zai shekara biyu ko uku bai ga fure ba. Sabon toho daga tulunan da ke bayansa yake cin abinci, kamar yaro a gidan da akwai manya masu nema. Kowane kaso ya samu tuluna uku zuwa huɗu masu ganye, da tsoho ɗaya a baya in akwai. Idan shukar ba ta kai a raba ta haka ba, a bar ta a dunƙule.

Su kuma tsofaffin tulunan da ganyensu ya zube, ba matattu ba ne. Matsa ka ji. Mai tauri yana da rai, yana ciyar da na gaba. Wanda ya yi laushi ko ya zama fanko shi ake cirewa. In masu taurin sun yi yawa har sun cinye wuri, a murɗe wasu a dasa su daban.

Da irin wannan tulun na ceci simbidiyam ɗina na farko. Cikin duk abin da na juye a kan jarida, biyu ne kawai suka rage da tauri. Tsohuwar nan ta sa na cire musu matattun saiwoyi, na bar su kwana biyu a inuwa raunin ya bushe, sannan na kafa kowanne a ɗan ƙaramin kofin roba mai huji, kashi ɗaya cikin uku a cikin ɓawo mai laima. Ɗaya ya bushe. Ɗayan ya yi shiru sama da wata biyu, kullum ina dubawa ba labari, har wata safiya na ga wani ɗan koren tsinke kamar haƙorin jariri a gindinsa. A hunturu na huɗu ya ba ni zangarniya ɗaya mai fure bakwai, launin lemun tsamin nan dai bai canza ba.

Wuƙa ɗaya ga kowa

Wannan kuskuren ba ya nuna kansa sai bayan watanni, kuma ba shi da gyara. Akwai cututtukan bairas guda biyu da suka addabi furannin okid a duniya, ɗaya ma da sunan simbidiyam ake kiranta. Ta ruwan jikin shuka suke yaɗuwa: wuƙa, almakashi, hannu, tsohuwar tukunya, ko ruwan da ya ɗiga daga wata tukunya zuwa wata. Alamarsu zane-zanen rawaya a jikin sabon ganye, wanda daga baya yake komawa baƙaƙen layuka ko ɗigo masu lotsawa, wani lokaci furen ma ya fito da dabbare-dabbare. Ba su da magani. Shukar da ta kamu, a raba ta da sauran, kuma mafi alheri a jefar da ita gaba ɗaya da tukunyarta.

Rigakafin ba shi da tsada. Kafin ka tashi daga wata shuka zuwa wata, gasa bakin wuƙar a wuta, ko ka jiƙa ta minti 10 a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa. Goge wuƙa da sifirit kaɗai ba ya isa ga waɗannan cututtuka. Wanke hannu da sabulu, shimfiɗa sabuwar jarida ga kowace shuka. Ba kowane baƙin ɗigo ne bairas ba, ƙunar rana da naman gwari ma suna baƙanta ganye, amma sabuwar shuka da ta shigo gida ta zauna ita kaɗai na ɗan lokaci kafin ta shiga cikin jama'a.

Ganye shar, fure babu

Wannan ne koken da na fi ji. Shuka lafiya lau, ganye dogaye kore shar, shekara uku ba fure. Dalili biyu ne kusan kullum, kuma tare suke tafiya: ƙarancin haske da ɗumin dare.

Ganyen da ya yi kore mai duhu yana burge ido, amma alama ce ta cewa shukar a duhu take. Launin da ake so kore ne mai haske da ya ɗan karkata zuwa rawaya. Simbidiyam yana son haske fiye da yawancin okid ɗin da ake ajiyewa a ɗaki. Ranar safe ta same shi kai tsaye, ta tsakar rana kuma a tace masa ita da inuwar bishiya maras duhu ko raga mai tare rabin haske. In ka taɓa ganyen ka ji zafi a hannunka, rana ta yi yawa.

Sai sanyin dare. Manyan simbidiyam ba sa ƙulla fure sai sun ji bambanci sosai tsakanin rana da dare a ƙarshen lokacin zafi da farkon kaka, dare yana sauka wajen digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Salsiyas na tsawon makonni. Falon da hita ke aiki a cikinsa ba zai taɓa ba shi wannan ba. Shi ya sa a nan Ingila ake fitar da shi waje daga Yuni zuwa Satumba, a fara da inuwa na mako guda ko biyu don kada rana ta ƙona ganyen da ya saba da ɗaki, sannan a matso da shi haske. A shigo da shi kafin raɓa ta fara daskarewa. Shi ya sa kuma yake bunƙasa a tsakar gida a wurare irin su Santa Barbara a gaɓar Kalifoniya, da Niyu Zilan, da jihar Sikkim a Indiya, inda yanayin da kansa yake yin aikin.

Wanda ya tsallake wannan, akwai wani ramin a gabansa. Ya ga zangarniya ta fito, murna ta kama shi, ya kwaso tukunyar ya kai falo mai ɗumi don baƙi su gani. Cikin mako guda ƙullin furen ya yi rawaya ya zube. A bar shi a wuri mai sanyi da haske, ƙasa da digiri 15 da dare, kamar baranda mai gilashi ko ɗakin da ba a kunna hita, har furen farko ya buɗe. Daga nan a kai shi inda ake so, nesa da hita. A wuri mai sanyi furen yakan kai mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye.

Ka koyi bambance zangarniya da toho tun suna ƙanana. Tohon ganye fale-fale yake, da tsini, in ka matsa a hankali ka ji tauri. Zangarniya kewayayya ce kamar harsashi, kanta da ɗan laushi. Da ta kai kamar taƙi ɗaya, kafa mata sanda ka ɗaure sako-sako, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yi wannan da rana ta ɗaga, da sanyin safiya karan yana da saurin karyewa. Kuma kada ka yi ta juya tukunyar, zangarniya haske take bi, in ka juya sai ta murɗe. Idan furen ya fara yaushi, yanke karan daga gindi da wuƙar da aka gasa, don ƙarfin shukar ya koma ga toho.

Ruwa, taki da ƙwari

Ba a shayar da shi da ranar mako. Ɗaga tukunyar ka ji nauyinta, ko ka tura yatsa. Lokacin girma kada ya bushe ƙaƙas, a cikin zafi ma yana iya neman ruwa sau biyu ko uku a mako. Da hunturu sau ɗaya a mako ko kwana goma ya wadatar. In za ka ba shi, ba shi sosai har ya zubo ta ƙasa, kuma da safe, don kada ruwa ya kwana a cikin maƙogwaron sabon toho ya ruɓar da shi. Ɗan tsiyaye kullum shi ne mafi muni, sama a jiƙe, gishiri yana taruwa a ƙasa.

Bakin ganye da ya yi baƙi ya bushe, yawanci gishiri ne, na taki ko na ruwan famfo mai nauyi irin na kudu maso gabashin Ingila. Ruwan sama ya fi. Simbidiyam maciyi ne in aka kwatanta shi da danginsa, amma rabin abin da aka rubuta a kwalbar taki nake ba shi, kuma kowace shayarwa ta huɗu ruwa zalla ce mai yawa don wanke tukunyar. Daga ƙarshen Yuli nake rage taki mai yawan naitirojin, in koma irin na tumatir. Ba a zuba taki a busasshiyar saiwa.

Ƙwari uku ne abin dubawa. Juya ganye: in ƙasansa ya yi fari-fari kamar an barbaɗa azurfa, ƙananan ƙwari ne dangin gizo-gizo, masu son busasshiyar iska. Wanke ƙasan ganyen da ruwa akai-akai yana rage su. Akwai masu mannewa a gindin tulu kamar kaska, a goge su da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu. Sai dodon koɗi, wanda a dare ɗaya zai cinye kan zangarniyar da ka shekara kana jira. Ɗora tukunya a kan benci, kada ta taɓa ƙasa.

Tambayar ƙanina

Da na tura hoton furen gida, ƙanina da ke Jos ya kira ni. "Yaya, wannan zai yi a wajenmu kuwa?"

Na ce masa a duk Nijeriya, tudun Jos mai tsayin kusan mita 1,200 da tsaunin Mambila da ya fi shi tsayi su ne suka fi kusa da abin da wannan fure yake so. A Kano ko Sakkwato ko Maradi kuwa, sanyin daren hunturu yana da kyau, amma zafin Afrilu da ke kaiwa digiri 40 ya fi ƙarfin manyan nan 'yan Himalaya, waɗanda tun daga digiri 30 suke fara wahala. Kuskuren shi ne a ga fure a hoto a yi odarsa ba a tambayi jininsa ba.

Akwai jinsunan da ba sa buƙatar sanyi kafin su yi fure. Cymbidium ensifolium, wanda mutanen Sin suka daɗe suna rainonsa saboda ƙamshinsa, yana jure zafi, kuma ya gadar wa 'ya'yansa wannan hali. Golden Elf, mai rawayan fure da ƙamshi, ɗansa ne. Cymbidium aloifolium da Cymbidium finlaysonianum kuwa 'yan ƙasa mai zafi ne tun asali, ganyensu kauri gare shi, furensu ƙanana ne masu zubowa ƙasa kamar jela. Ko a Jos ɗin, da irin waɗannan na ce ya fara.

Na ce ya nemi ɓawon kwakwa da gawayi, ya wanke su sosai. Ya sa tukunyar a gabashin gida ƙarƙashin bishiya maras duhu, a kan benci. Da damina ya tabbata ruwa yana wucewa, in ruwan ya yi kwanaki ba ƙaƙƙautawa ya ja ta ƙarƙashin rumfa. Da iskar hunturu ta taso da ƙurarta, ya riƙa wanke ganyen sama da ƙasa da safe, ya jiƙa ƙasan da ke kewaye da bencin don iskar wurin ta yi laima. Kuma ya tara ruwan sama a duro tun damina, saboda ruwan rijiyar burtsatse a wasu unguwanni yana barin farin gishiri a bakin tukunya.